Yashin ƙasan tankin murjani: wanne zan zuba, kuma yaya zan kwashe tsohon kifayena ba su mutu ba?

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ina da tankin ruwan gishiri mai tsawon santimita 120, faɗi 50, yana cin wajen lita 300, ya haura shekara biyu da haɗawa. Lokacin da na haɗa shi dakakken murjani na zuba a ƙasa, mai manyan ƙwayoyin nan, kaurinsa ya kai santimita 7. Yanzu naitiret ɗina ya tsaya a 40 ya ƙi sauka, fosfet 0.3, ga wani jan abu mai yauƙi da yake rufe ƙasan, ko na kwashe washegari sai ya dawo. Ina da kifin kilawun guda biyu, ras ɗaya mai ruwan ɗorawa, gobi ɗaya, da murjani masu laushi da 'yan masu ƙashi kaɗan. Wanda nake sayen kaya a wurinsa yace in kwashe duka rana ɗaya in zuba yashi mai laushi sosai. Wane yashi ne ya fi, kuma in na kwashe ba zan yi asara ba?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe, wato me za ka zuba, sannan ta yaya za ka raba tankin da abin da ke ciki yanzu. Ta biyun ta fi ta farkon hatsari nesa ba kusa ba, don wanda ya zaɓi yashin da bai dace ba wahala kawai zai sha, amma wanda ya kwashe tsohon yashi da gaggawa yana iya wayar gari ya tarar da kifayensa a saman ruwa suna haki. Saboda haka tun farko zan ce maka kar ka kwashe shi rana ɗaya, kuma yashi mai laushi sosai ɗin nan da aka ce maka, a ganina ba shi ne naka ba.

Abin da ke faruwa a ƙasan tankinka

Dakakken murjani ƙwayoyinsa manya ne, daga milimita 2 zuwa 5 har sama, to kaga tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai rata, kashin kifi da ragowar abinci da matacciyar gansakuka duk nan suke gangarawa su maƙale, ruwan famfo ba ya iya ɗago su, sikima, na'urar da ke cire datti daga ruwa ta hanyar kumfa, ba ta ganin su, sai su zauna suna ruɓewa. Bakteriya ta mayar da su amoniya, amoniya ta koma naitirait, naitirait ya koma naitiret, anan kuma tafiyar take tsayawa. Kafin naitiret ya koma iskar naitirojin ya fita daga ruwa sai an samu wurin da oksijin ya yi ƙaranci sosai, shi kuma dakakken murjani saboda ratar nan ruwa yana ratsa shi, oksijin na shiga. Wato yana tara datti, yana kuma hana a ƙarasa aikin. Shekara biyu a santimita 7, lissafa ka gani, 120 sau 50 sau 7 ya ba ka wajen lita 42 na tsakuwa, kuma kowace rata a ciki ta cika da laka.

Fosfet kuma, wani sinadarin da ragowar abinci da kashin kifi suke saki, nasa halin daban. Yana manne wa duk abin da yake kalsiyam kabonet ne, yashin da duwatsun duka, kuma da zarar ka rage shi a ruwa sai su sako wanda suka riƙe. Shi ya sa mutum zai canza ruwa ya auna ya ga ya sauka, bayan kwana uku ya koma inda yake. Jan abin nan mai yauƙi sayanobakteriya ce, sayano a taƙaice, ba gansakuka ba ce ta ainihi, tana son wurin da ruwa ba ya motsi kuma datti yana tasowa daga ƙasa, daidai abin da ƙasan tankinka ya tanadar mata.

Amma kafin ka ɗora wa yashin laifi gaba ɗaya, yi abu biyu. Ka auna ruwan da kake haɗa gishiri da shi, in ba ruwan RO ba ne, wato wanda aka tace da matatar da ke cire kusan duk abin da ya narke a ruwa, ko kuma matatar ta tsufa awon abin da ya rage a ruwan, TDS, ya daina nuna sifili ko kusa da shi, to kai da kanka kake zuba naitiret da fosfet duk sati, kuma ko yashin zinare ka sa ba abin da zai canza. Na biyu ka tura tiyo cikin tsakuwar a wata kusurwa ka zuƙo cikin farin bokiti. In ruwan ya fito ruwan ƙasa mai kauri, to ka ga mai laifin da idonka.

Wane yashi

Abin da ake so shi ne aragonait, wanda shi ma kalsiyam kabonet ne, sinadarin da murjani mai ƙashi yake gina jikinsa da shi. Za ka ji ana cewa yana riƙe pH, wato awon tsamin ruwa, yana ƙara kalsiyam, gaskiya kar ka sa ran haka sosai. A pH ɗin tanki na 8.0 zuwa 8.3 aragonait kusan ba ya narkewa, ai shi ya sa a cikin kalsiyam riyakta, na'urar da ke narkar da shi don ƙara wa tanki kalsiyam, sai an hura iskar CO2 an saukar da pH zuwa wajen 6.5 kafin ya narke yadda ake so. Amfaninsa na gaskiya shi ne ba ya sako guba, ƙwayoyinsa ba su da kaifi sosai, bakteriya da ƙananan halittu suna zama a jikinsa, kuma farinsa yana mayar da haske ƙarƙashin murjani.

Girman ƙwaya shi ne maganar. Mai laushi sosai, wanda ake kira ulait, daga milimita 0.25 zuwa 1 yake, yana da kyan gani wallahi, amma da ka kunna famfon kaɗa ruwa sai ya tashi, ya haƙa rami a gefe guda har gilashin ƙasa ya bayyana ya tara tudu a ɗaya gefen, ya zuba a kan murjani, ya shiga cikin famfo yana cin ƙarfensa. Mutum sai ya rage gudun ruwa don yashi ya kwanta, rage gudun ruwa kuma shi ne abin da sayano take nema. Kaga an koma gidan jiya. Ni abin da nake zubawa a tanki irin naka, kuma nake ba mutane shawara a kai, shi ne mai milimita 1 zuwa 2, bai kai ƙwayar gero ba, yana da nauyin da zai zauna a ruwa mai gudu, ratarsa ba ta kai ta haɗiye datti da yawa ba, kuma ana iya zuƙe shi da tiyo ya wanku ya koma ƙasa. A kayan kamfanin CaribSea na Amurka shi ne Special Grade, akwai kuma Fiji Pink mai 0.5 zuwa 1.5 wanda ya ɗan fi laushi. Ba dole sai nasu ba, ka duba girman ƙwaya a jikin buhu kawai.

Sannan ka tambayi dabbobinka. Ras ɗin nan naka mai ruwan ɗorawa in daga jinsin Halichoeres yake, a cikin yashi yake kwana, kuma in ya tsorata nutsewa yake yi da kai da ƙarfi, dakakken murjani yana ƙuje masa baki da jiki, don haka shi kam canjin nan alheri ne gare shi. Yana buƙatar aƙalla santimita 4 zuwa 5 a wani sashe. Gobi in irin mai tace yashi ne, Valenciennea, yana ɗibar yashi a baki ya fitar ta kunnuwan numfashinsa, manyan ƙwayoyi suna ji masa ciwo. In kuma irin mai zama da jatan lande a rami ne, ka bar masa 'yan gutsattsarin tsakuwa da ɓawon katantanwa a kusurwarsu don da su suke tokare bakin ramin. Kifin kilawun babu ruwansa da yashi.

Yashin gini da yashin kogi da muke da su a nan, ka manta da su. Yawancinsu kwats ne, wato silika, haɗe da laka da ƙarfe da abin da ba ka san daga ina ya gangaro ba, kuma ɗan tagulla kaɗan ya isa ya kashe katantanwa da jatan lande da murjani. Na bakin teku ma ban yarda da shi ba, don ba ka san mai da ƙazantar da suka ratsa shi ba. In kana shakkar abin da aka sayar maka, ɗebi cokali ɗaya ka zuba masa binega, aragonait zai yi kumfa yana tsuwa, silika ba zai motsa ba. Baƙin yashi kuma, da yawansa yana da ƙarfe a ciki, yana manne wa maganaɗisun goge gilashi ya zana maka layi a gilashin da ba ya gogewa, ka gwada shi da maganaɗisu kafin ka saya.

Kauri

Anan ne masana suka rabu tun da daɗewa. Akwai tsarin Balin na 'yan kiwon Jamus, wanda ya dogara da dutse mai rai, wato mai cike da bakteriya da ƙananan halittu, da sikima mai ƙarfi, yashi kaɗan ko babu. Akwai tsarin Jean Jaubert na gidan adana halittun ruwa na Monako, wanda ake barin fili na ruwa a ƙarƙashin tsakuwa. Akwai kuma yashi mai zurfi, santimita 10 zuwa 15 na yashi mai laushi, wanda Ron Shimek ya yi fice wajen karantar da shi a Amurka. Hikimar mai zurfin ita ce can ƙasa oksijin ya ƙare, bakteriyar da ke cin naitiret ta samu wuri. Yana aiki, na gani da idona, amma da sharaɗi: sai yana cike da tsutsotsi da ƙananan halittu masu juya shi a hankali, kuma ba a taɓa shi, ba a sa gobi mai haƙa ko tauraron ruwa mai cinye halittun ciki. In waɗannan halittun suka ƙare sai ya zama rumbun datti, ƙasansa ya yi baƙi, ya tara iskar haidirojin salfaid mai warin baragurbi, wadda guba ce ga kifi.

Ga mu da muke fama da ɗauke wuta da zafi akwai ƙarin dalili na guje masa. Duk bakteriyar da ke cikin yashi numfashi take yi, da famfo ya tsaya suna rububin oksijin ɗin da ya rage tare da kifi, ruwa mai ɗumi kuma dama ba ya riƙe oksijin da yawa. Tankin da ke da tulin yashi mai datti shi yake fara shaƙewa.

Tanki mara yashi kwata-kwata shi ya fi sauƙin tsafta, masu kiwon murjanin Acropora mai ƙashi da yawa shi suke yi don su buɗe famfo iya ƙarfinsa, amma da ras da gobi a tankinka wannan ƙofar a rufe take. Don haka santimita 3 zuwa 4 a ko'ina, ka ɗan tara shi ya kai 5 a bayan duwatsu saboda ras. Lissafinsa: 120 sau 50 sau 3 lita 18 ke nan, kowace lita ta aragonait tana kai wajen kilo ɗaya da rabi, kilo 27, ka cire wurin da duwatsu suka zauna, kilo 25 zai ishe ka. Abin da ke tsakanin santimita 6 zuwa 9, inda kake yanzu, shi ne wanda ban so, ya yi zurfin da ba ya wankuwa kuma bai kai zurfin da zai yi aikin cin naitiret sosai ba.

Yashi mai rai da ake sayarwa a jiƙe cikin leda, ba laifi, amma tankinka yana da duwatsun da suka shekara biyu cike da bakteriya, su za su shuka sabon yashin cikin 'yan makonni. Busasshe ya fi araha, kuma ba ka biyan kuɗin dakon ruwa, ga shi ba ka da tabbacin abin da ya rage da rai a ledar da ta sha doguwar tafiya cikin zafi.

Yadda za ka kwashe tsohon

Fara da duba duwatsunka. A kan gilashi suke zaune ko a kan tsakuwar? In a kan tsakuwa ka ɗora su, da ka janye ta ƙarƙashinsu za su zame, su danne murjani ko su fasa gilashi. Sai ka fara murza kowane dutsen ƙasa a hankali har ya taɓa gilashi, ɗaya bayan ɗaya, ba duka a rana guda ba. Ka sa safar hannu mai kauri, don tsutsotsi masu ƙaya suna nan jibge a ƙarƙashi, kuma in kana da murjanin Palythoa ko Zoanthus wasunsu suna da dafi mai hatsari, kar ruwansu ya shiga ido ko ciwo, kar kuma ka taɓa zuba wa dutsensu ruwan zafi.

Ka raba ƙasan a ido zuwa kashi biyar ko shida. Kowane sati, lokacin canjin ruwa, ka cire kashi ɗaya tak, tun daga sama har gilashi. Da tiyo mai faɗi za ka yi, kamar inci ɗaya ko kusa, ya zuƙo tsakuwar da lakarta tare kai tsaye zuwa bokiti, ba da kofi ko raga ba, don ɗiba da kofi yana watsa lakar cikin ruwan da kifi ke shaƙa, wannan shi ne ainihin abin da ke kashewa. Ka kashe famfunan kaɗa ruwa yayin aikin, ka matse tiyon da hannu in yana gudu da yawa, in ruwan da ka tanada na canji ya ƙare to aikin ranar ya ƙare ko da ba ka gama kashin ba. Lita 30 zuwa 45 a kowane zama ya wadatar. Kuma ka yi da rana lokacin da kake ganin ras yana yawo da idonka, in ba ka gan shi ba to yana cikin ƙasa, ka jira.

In ka ci karo da wuri baƙi ko ka ji warin baragurbi, kar ka ɗaga tiyon, ka bar shi a wurin ya zuƙe har ruwan ya washe, ka tsaya anan, ka kunna famfo su kaɗa saman ruwa sosai, ka sa sabon gawayin tacewa. Washegari da jibi ka auna amoniya. Ya kamata ta zama sifili, in ta nuna wani abu ka rage abinci ka canza ruwa ka ƙara sati kafin zama na gaba. Dalilin bin sati-sati ke nan, tsakuwar nan duk da dattinta tana ɗauke da wani kaso na bakteriyar da ke cin amoniya, sai an ba duwatsu lokaci su karɓi aikin.

Ranar da za ka yi, ka tabbata akwai wuta tsayayya, inbata ko janareta, ko aƙalla famfon iska mai batir a kusa. Kar ka tada ƙasan tanki da yamma sannan wuta ta tafi cikin dare. Ka haɗa sabon ruwa kwana ɗaya kafin ranar, gishirinsa a ma'aunin gishiri 1.025 zuwa 1.026 daidai da na tankin, zafinsa ma daidai, wajen digiri 25 zuwa 26.

Mutane suna son su riƙa zuba sabo a wurin da suka kwashe nan take. Ni ban cika so ba idan girman ƙwayoyin ya bambanta, don ƙaramin yana gangarawa ƙarƙashin babban, bayan wata biyu sai ka ga dakakken murjanin ya dawo sama. Gara ka kwashe duka, ka bar ƙasan haka nan na sati biyu, za ka sha mamakin dattin da duwatsu za su zubar, ka riƙa zuƙe shi a sauƙaƙe. Shi kuma ras ka sa masa robar abinci mai tsafta cike da sabon yashi mai zurfin santimita 5 a kusurwa tun kafin tsohon ya ƙare, yawanci suna gano ta su shige.

Kwashewa rana ɗaya tana da wurinta, in tanki yana yoyo ko za a yi ƙaura. A nan sai ka fara zuƙe ruwan sama mai tsafta ka adana kafin ka taɓa komai, kifi da murjani da duwatsu su koma manyan robobi da famfon iska, sannan ka kwashe yashin tankin ba kowa a ciki, ruwan ƙasan nan mai laka ka zubar da shi gaba ɗaya. Wato ba a taɓa haɗa kifi da tayar da tsohon yashi a ruwa guda.

Zuba sabon da abin da zai biyo baya

Busasshen aragonait yana da ƙura mai yawa. Ka wanke shi kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin uku na bokiti, kana zuba ruwa kana juyawa da hannu kana tsiyayewa har sai ka iya ganin yatsunka a cikin ruwan, wankin ƙarshe da ruwan RO. Aiki ne mai cin rai amma kar ka gajarce shi. Wajen zubawa ka samu bututun PVC mai faɗi wanda ya kai ƙasan tanki, ka sa mazurari a sama, famfo a kashe, kana zuba jiƙaƙƙen yashin kana jan bututun inda kake so. Ka raba shi zama biyu ko uku shi ma. Ruwan zai ɗan yi fari na kwana ɗaya ko biyu, audugar tacewa za ta kama, ka riƙa canza ta, wanda ya zuba a kan murjani kuma ka hure shi da babban sirinji.

Cikin sati biyu zuwa huɗu yashin zai yi ruwan ƙasa, dayatom ne, wata ƙaramar gansakuka, kusan kowane sabon yashi sai ya yi, yana wucewa da kansa. Ka riƙa auna alkaliniti, wato yawan kabonet ɗin ruwa, sau biyu a sati don sabon aragonait yana jan kalsiyam da kabonet su kwanta a jikinsa, kana iya ganin ya sauka, ka riƙe shi tsakanin 8 da 9 dKH, magniziyam kuma 1250 zuwa 1350, don in ya yi ƙasa kuma kana zuba maganin alkaliniti da yawa yashin yana dunƙulewa ya yi tauri. Fosfet zai iya faɗuwa da farko saboda sabon yashin yana kama shi, sannan ya ɗan dawo don duwatsu suna sako nasu, wannan yana ɗaukar watanni. Kar ka kore shi zuwa sifili, 0.03 zuwa 0.1 ya yi, naitiret kuma 5 zuwa 10, don tanki mai sabon yashi da sifili-sifili shi ne daino, wasu ƙananan halittu masu yin yauƙi mai ruwan ƙasa, yake kamawa, kuma daino ya fi sayano wuyar magani.

Ban ga tankinka ba, ban ga yawan abincin da kake bayarwa ko ƙarfin sikimarka ba, don haka ba zan yi maka alkawarin cewa canza yashi kaɗai zai sauke naitiret daga 40 zuwa 10 ba, a wasu tankunan hakan ya wadatar, a wasu sai an gyara ciyarwa da gudun ruwa. Bayan wata ɗaya da zuba sabon, ka sa katantanwar Nassarius kamar biyar ko shida su riƙa juya saman, kuma duk canjin ruwa ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na yashin har ƙasa, kana zagayawa. In ka kammala ka turo mini sabon awon naitiret da fosfet da alkaliniti mu duba tare, Allah ya ba da sa'a.